Ranar da Hafizu Ya Taɓa Mani Garafik

Kafin in ce komai ina da magana da ku masu rubuto mani cewa Hafizu mijin nuna wa sa'a ne, wai in daina jan aji in karɓi abin da Allah ya ba ni. Wata ma har da cewa in ba na so in tura mata lambarsa. 'Yar'uwa, ki karanta wannan har ƙarshe. In kin gama kin ga har yanzu kina so, ni da ƙafata zan raka ki ƙofar gidansu.

Ga waɗanda yau suka fara bina, sunana Samira. A unguwar Zariya ta Maradi nake zaune da Mamana, ina shekarar ƙarshe a karatun aikin gona. Hafizu ɗan Kawu Idirisa ne, yayan Mama da ke Tsibiri. Kun ga ke nan taubashina ne, shi ɗan namiji, ni ɗiyar mace. Shi ya sa tun muna yawo ba takalmi yake kirana baiwarsa, ya ƙwace duk abin da ya gani a hannuna, in na yi kuka manya su ce wasa ne. Yanzu ya girma, ya tara gemu, ya buɗe shagon kayan noman rani a bakin gudro, wato titin kwalta, kuma tun bara ya ce aurena yake so. Mama kam ta riga ta gama ɗaura auren a zuciyarta. Ni ma ba zan ɓoye maku ba, na fara sonsa. Yana da dariya mai shiga rai, kuma a duk danginmu shi kaɗai ne yake tambayata me nake karantawa, ya tsaya ya ji amsa. Ban san akwai abin da yake saurare ba.

Aikin da zan kare a gaban malamai, abin da muke kira sutanans, a kan wani gari ne da Hafizu ya shigo da shi. Fari ne tas kamar sukari, wai in an cuɗa shi da ƙasa yana riƙe ruwa, mai lambu ya rage ban-ruwa. Ya sa masa suna Garin Laima. Shi ya kawo shawarar in gwada shi, malamata Madam Balkisu ta yarda, da sharaɗin abin da ƙasa ta faɗa shi za a rubuta. Wani dattijo a Jiratawa, Baba Maidawa, ya ara mani ɗan gefen lambunsa na zogale. Na raba wurin biyu, ɓangare ɗaya da gari, ɗaya babu, na binne ƙananan na'urori masu auna laima da gishirin ƙasa. Su kuma suna aika abin da suka auna zuwa wani dandali a intanet inda mu ɗalibai ke ajiye gwaje-gwajenmu.

Dandalin ba ya zana maki komai da kansa. Lambobi ne kawai ke zubowa safe da yamma, in kika kalle su haka sai kanki ya sara. Ke za ki jawo akwatin garafik, wato zanen layukan da ke nuna lambobin, ki ajiye a shafinki, ki gaya masa daga wace na'ura zai ɗebo, me zai jera a kwance, me zai jera a tsaye. Na sa kwanaki a kwance, laima a tsaye. Na ba ɓangaren da ke da gari koren layi, wanda babu kuma ja. Akwai wani ɗan gurbi da ake rubuta inda ma'aunin tsaye zai fara, wanda Madam ta sha ja mana kunne a kansa, ta ce daga sifili ake farawa, ba daga inda ran mutum ke so ba. A ƙasa na ajiye akwati na biyu, na gishiri. Na bar shafin a rufe, daga ni sai Madam ke ganinsa, sunana a rubuce a samansa da manyan baƙaƙe.

Duk wannan a gaban Hafizu na yi shi. Yakan zo hira bayan la'asar, ya zauna a kujerar roba ƙarƙashin dogonyaron tsakar gidanmu, Mama ta kawo masa fura mai ƙanƙara a kwanon da ba ta ba kowa, ni kuwa ga ordinata, wato kwamfuta, a cinya ina ta zuba bayani, wai ni mai saurayi mai son ilimi.

"Wanga ɗan wurin hwa, mi yake yi?" ya tambaye ni wata rana yana nuna gurbin nan da yatsa.

"Nan ake hwaɗa mashi inda zai soma ƙirga. In ka sa lamba babba, ɗan bambancin da bai kai komi ba sai shi koma ƙato."

"Wancan idon kuma?"

"In ka danna shi akwatin ya ɓuya. Yana nan, amma ba a ganinshi."

"Ikon Allah," ya ce, "baiwata ta zama boka."

Daɗi ya rufe ni har ina rufe fuska da mayafi. In na tuna wannan dariyar da na yi, ji nake kamar in mari kaina.

Lokacin da zogale ya kai yanka, layukan nan biyu na laima tare suke tafiya, koren ya ɗan ɗara jan da abin da bai taka kara ya karya ba. Akwatin gishiri ne ya tayar mani da hankali. Jan layi na kwance abinsa, koren kuwa kullum sai ya ƙara hawa. Ma'ana garin ba wani ruwa yake riƙewa ba, gishiri yake tara wa ƙasa, kuma ƙasar lambu in ta sha gishiri ta daɗe ba ta dawo ba. Na nuna wa Hafizu. Ya daɗe yana kallo, ƙanƙarar furarsa na narkewa a hannu.

"Magazan ɗina cike yake da buhunan nan har rufi, Samira," ya ce. "Ba ki iya ɗan gyara shi?"

"Ba hoton biki ba ne da za a ƙara mashi haske."

Sai ya saki dariyar nan tasa. "Wasa nike maki. Ke dai ba ki san wasa ba."

Na yarda, don ina so in yarda.

Ranar Asabar aka yi suna a gidan Kawu a Tsibiri, ƙanwar Hafizu ce ta haihu. Na sa shaddata ruwan toka mai aikin zare a wuya, na kafa ɗauri, ga jan lalle da na kwana biyu ina tattali. Tsakar gida ta cika da mata, ana ta kwasar shinkafa, ni ina durƙushe ina ɗaukar jaririya hoto, wayata a buɗe. Ban ji zuwansa ba, sai dai na ga hannu ya zo ta saman kafaɗata ya zare ta.

"Baiwa da portabul wadda ta hi ta ubangidanta? Yau na karɓe kayana."

Mata suka kwashe da dariya, wata har da guɗa. Na miƙe na bi shi zuwa bakin zaure ina cewa ya ba ni, akwai aikina a ciki. Mama ta riƙo mani gefen mayafi.

"Zamna. Taubashinki ne. In kinka ɓata rai gaban mutane kin ba da mu."

Ku da ba ku tashi cikin wannan al'ada ba, ku gane. Taubashi zai iya cire maki takalmi ya jefa kan soro, ya cinye maki abinci, ya ce da ke mummuna a gaban surukai, kuma ke ce mai laifi in kika nuna fushi. An ce yin fushi da shi yanke zumunci ne. Don haka na koma na zauna, na ci shinkafa, na yi hira. Sai bayan la'asar ya dawo mani da wayar, a naɗe cikin takardar kilishi, da kilishin a ciki. Har godiya na yi masa. Ko kaɗan ban tuna cewa dandalin a buɗe yake zama a wayata ba, ba ya tambayar kalmar sirri.

Litinin da safe ina shafa mai saƙon Madam Balkisu ya shigo. "Samira, biro ɗina. Yanzu."

Madam mace ce da ba ta ɗaga murya, shi ya sa muke tsoronta. Na same ta zaune a ofishinta, tabarau a ƙarshen hanci, ko gaisuwata ba ta amsa ba. Ta juyo mani da fuskar ordinatarta.

Shafina ne, amma da ƙyar na gane shi. Koren layi ya haye can sama, ja ya faɗo ƙasa, tsakaninsu fili kamar a shimfiɗa tabarma. Idona ya tafi gefe, wurin ma'aunin tsaye. Babu sifili. An sa ya fara daga dab da inda layukan suke, sai ɗan bambancin nan ya cika akwatin baki ɗaya. Akwatin gishiri kuwa babu shi babu dalilinsa. A sama, ƙarƙashin sunana, an ƙara wani rubutu: Binciken jami'a ya tabbatar Garin Laima na ninka ruwan lambu. Kuma an cire makullin shafin, duk wanda aka tura wa zai iya buɗewa.

"Wani abokin aikina ya gan shi a gurup ɗin manoman Jiratawa," in ji Madam. "Tun ranar Asabar yake yawo. Ke kinka yi?"

"Wallahi Madam ba ni ba ce."

"Wa ke shiga kontinki na dandalin in ba ke ba?"

Sunan yana bakina, amma sai fuskar Kawu ta tsaya mani a ido.

"Mai saida garin ne," ta ce, ba tambaya take ba. "Kin ga, ban san wanne ya hi muni ba. Ko dai ke kinka yi ƙarya, ko kin miƙa makullin bincike ga mai saida abin da kike bincike. Ki saurare ni da kyau. Kwamiti zai zamna ranar Alhamis shi duba shafin yadda yake. Kar ki taɓa komi. In kinka canza ko ɗigo guda za a ce sawu kike sharewa, ni kuma ba ni tsaya maki. In sunka ce ƙarya ce, babu sutanans, bana ko baɗi."

Ban san yadda na sauko daga benen ba. Na tare kabu-kabu na ce shagon Hafizu, kuma ko mayafina da iska ke ja ban gyara ba.

Na same shi cikin farar riga yana dariya da masu saye. An fito da buhunan an jera a ƙofar shago, an manna hoton garafik ɗin a jikin bango, an buga shi ƙato, sunana na kallon titi. Yana ganina ya buɗe hannu.

"Ga mai aikin da kanta."

"Zo nan," na ce.

Ya biyo ni bayan kanta yana ta murmushi. Ban ma tambaye shi ba ya amsa.

"Ban canza lamba ko guda ba, ki duba. Abin da na'urarki ta auna shi ne. Ma'auni kawai na ɗan matsa, kuma ke kinka koya mani."

"Gishirin hwa?"

"Yana nan. Ke kinka ce ba ya tahiya ko'ina."

"Hafizu, za a kore ni."

"Haba. Kan zane?" Ya jingina da buhu. "To in ma an kore ki, aikin wa za ki yi da takardar? In na samu, wa ya samu? Ba gidanki za a kai ba? Kuma dai kin sani, abin baiwa na ubangidanta ne."

Da dariya ya faɗi wannan na ƙarshen, da irin muryar da yake yi tun muna yara. A nan na ji wani abu ya mutu a ƙirjina. Ba fushi ne ya fara zuwa ba, ƙyama ce. Na kalli gemun nan da nake ganin ya yi masa kyau, na ga ashe ko daidaita shi ba a yi ba.

"Ɓarawo," na ce. "Ka zamna gidanmu, ka sha hurar uwata, kana satar abin da ke bakina."

Murmushin ya ɗan ja baya, amma bai tafi ba. "Ki tahi gida ki huce. Zahin rana ne."

A gida na tarar da Mama tana tsince zogale a faranti. Na zauna a gabanta na gaya mata komai, ina kuka, majina har baki. Ta saurara ba ta daina tsinta ba.

"To yanzu mi kike so?"

"In gaya ma kwamiti shi ya yi."

Ta ajiye farantin. "Ki kai sunan ɗan yayana gaban malamai a ce mashi ɓarawo? Ni da Idirisa ciki guda munka hito. Ranar da ubanki ya rasu wa ya tsaya mana? Ki ce masu kuskure kinka yi, hannunki ya zame. Ɗalibi bai kuskure?"

"Mama, hannu bai zamewa shi rubuta talla."

"Kar ki gaya mani magana. Wasa ne ya yi maki, ya wuce wuri, za ni yi mashi hwaɗa. Amma sati mai zuwa Kawunki zai aiko a yi gaisuwa, kuma ba ni so a zo a iske kin ɓata gida saboda layi kore da ja."

Layi kore da ja. Shekarun da na yi ina hawa kabu-kabu cikin rana, da laka da na kwasa a Jiratawa har farcena ya canza launi, duka sun koma layi kore da ja. Na shige ɗaki na rufe ƙofa. Ranar nan da washegarinta ban fita ba. Sai in buɗe shafin in kalle shi, yatsana ya je kan gurbin ma'auni, in tuna maganar Madam in janye. Ina ta shirya abin da zan gaya wa kwamiti, in shirya in rushe. Tunanina duka a kaina yake, ni da sutanans ɗina da kunyar da zan sha.

Talata da yamma saƙonsa ya shigo.

"Baiwata har yanzu hushi?"

Ban amsa ba. Wani ya biyo.

"Gobe da hantsi koperatif sun ba ni wuri a Jiratawa in yi tallan gari. Ki zo ki zamna gaba, ba sai kin yi magana ba. Ganinki kawai ya isa."

Sai na uku. "Ki sa shaddar nan ta ranar suna, ta yi maki kyau."

Ku ji ƙarfin hali. Na daɗe ina kallon saƙon. Sannan na rubuta, "Za ni zo." Wallahi a lokacin ban san me zan je yi ba, na dai san ba zan iya zama a ɗaki ana sayar da sunana ba. Mama da ta ga na fito da safe da shirin fita har addu'a ta yi mani, tana zaton na sauko. Ban sa shaddar ba. Tsohuwar atamfar da nake shiga lambu da ita na sa, da takalmin roba.

An yi taron a rumfar koperatif, wato ƙungiyar manoman wurin, kusa da babbar hanyar ruwa. Maza sun cika tabarmi, wasu da laka a ƙafa don daga ban-ruwa suka taso, mata masu sarin zogale suna baya a tsaye. Hafizu ya kawo ƙatuwar tele, wato talabijin, ya ɗora a tebur ya haɗa da ordinatarsa, ya sha shadda ruwan sama, sai ƙamshi yake. Da ya ga atamfata fuskarsa ta ɗan motsa, amma ya nuna mani kujera a gaba. Na zauna. Can gefe na hango Baba Maidawa da hularsa ta saƙa, ya ɗaga mani hannu yana murmushi, na sunkuyar da kai.

Hafizu ya iya magana, wannan ba zan hana shi ba. Ya yi maganar tsadar man injin ban-ruwa, ya yi maganar jiran layin ruwa, kowa na gyaɗa kai. Sannan ya ce ba hoto zai nuna masu ba, kar wani ya ce haɗawa aka yi. Shafin makarantar da kansa zai buɗe, kai tsaye. Ya buɗe. Koren layi a sama, ja a ƙasa, sunana ya cika tele.

"Kore lambun da ya ci gari, ja wanda bai ci ba. Ko makaho ya shahwa ya ji bambanci."

Aka yi dariya. Wani dattijo daga tsakiya ya ɗaga sanda. "Ɗiyar da ta yi awon, ta yarda da wanga zance?"

"Ga ta nan zamne," in ji Hafizu. "Ga sunanta sama. In ƙarya ne ai da ba ta zo ba."

Duk rumfar ta juyo tana kallona, kallon yarda, wanda ya fi zagi ciwo. Wayata na hannuna ƙarƙashin mayafi. Na san gobe kwamiti zai zauna. Na san abin da Madam ta ce, kuma Madam ba ta faɗin magana sau biyu. Na san ina taɓawa shekarar ta tafi, wataƙila har da ta gaba. Duk na sani. Na buɗe shafin, na shiga saitin akwatin laima, na goge lambar da ya sa, na rubuta sifili, na danna ajiye.

Rezon intanet a Jiratawa ba ya sauri. Ɗan da'irar nan ya yi ta juyawa a wayata, Hafizu na ci gaba da zuba, ya juya wa tele baya. Sai fuskar tele ta ƙifta. Koren layi ya sauko, ja ya hau, suka haɗu a tsakiya suka kwanta tare.

Hafizu ya ga idanun mutane sun bar shi, ya waiwaya. Kafin ya buɗe baki na danna ɗan idon nan, akwatin gishiri ya fito a ƙasa, koren layinsa na hawa kamar hanyar tudu. Na goge tallan da ya rubuta a ƙarƙashin sunana, sannan na miƙe. Na ɗaga murya.

"Iyayena, ni ce Samira, ni na yi awon. Wancan da kunka gani da farko ba aikina ba ne, matsa ma'auni anka yi. Wanga shi ne gaskiya. Garin bai riƙe ruwan kirki. Na ƙasan nan kuma gishiri ne, kore shi ne wurin da anka zuba gari. Duk wanda ya zuba shi, ƙasarshi za ta yi gishiri."

Surutu ya tashi. Hafizu ya ɗaga hannu biyu yana dariya, amma wannan karon dariyar a wuya ta tsaya masa.

"Ku yi haƙuri jama'a, taubashiyata ce. Wasa take mani, ramuwa ce, na ƙwace mata portabul ranar suna."

Wasu har sun fara sakin fuska, don kowa a wurin yana da taubashi kuma ya san abin da suke iya yi. Na ga yadda maganar ke neman zamewa ta koma abin dariya, in koma yarinyar da ta yi wa masoyinta tsiya.

"Ba ni wasa da kai, Hafizu," na ce da ƙarfi. "Yau ko gobe. Ka sace mani aiki ka yi ƙarya da sunana, kuma ba ni yahe maka."

Wata mata a baya ta yi salati. A wurinmu ba a faɗa wa taubashi haka, ko a ɗaki, balle a gaban taro. Na san kafin in kai gida maganar ta riga ni zuwa Tsibiri. Hafizu ya zare wayar tele da ƙarfi har tebur ya girgiza, ya matso dab da ni, ƙamshin turarensa ya tayar mani da zuciya.

"Kin kashe aurenki," ya ce a hankali, "kuma ki san abin da za ki gaya ma uwarki."

"Ka kwashe buhunanka," na ce.

Maza suka taso masa, kowa da tasa, masu cewa ya dawo masu da kuɗin da suka riga suka biya, masu zagi. Wayata ta yi motsi a hannuna. Madam ce. "Na ga kin taɓa." Ba ta ƙara komai ba. Na karanta, amma can ƙasan zuciyata akwai wani ɗan sanyi. Na ce ko ba komai na wanke sunana a gaban mutane, na tare abin kafin ya yi ɓarna. Har na fara jin kaina wata jaruma.

Na juya zan fita sai na ga Baba Maidawa a gabana. Bai shiga cikin masu hayaniya ba, ko kallon inda Hafizu yake bai yi ba. Ya cire hularsa ya riƙe a hannu, abin da ban taɓa ganin ya yi ba.

"Ɗiyata," ya ce, "ni ban san yaron nan ba. Ban kuma san kore ban san ja ba. Maƙwabcina ya nuna mani a waya, ya karanta mani sunanki, na ce in dai Samira ce to babu ƙarya, a lambuna ta yi awon, da idona na ga wahalarta. Na jira ki zo ko ki kira, shiru, na ce karatu ya riƙe ta."

Lambarsa na cikin wayar da ke hannuna, ko sau ɗaya ban kira shi ba.

"Na sayi garin, jiya da sahe na sa anka cuɗa shi a lambun duka, har gindin mangwaro, munka saki ruwa a kai." Ya ɗan matso, ya rage murya kamar mai jin kunyar tambaya. "To tunda ke kinka san abin, hwaɗa mani yadda ake kwashe shi. Ko yau ne sai in soma."

Ya tsaya yana jira, da gaske yake jira. Ni kuwa na karanta, na auna, na sani. Ba a kwashe shi.